Raha da Na'ura: Rubutun Wasannin Ban Dariya na Intanet a Kan Wasan Kwamfuta



GABATARWA

Na san akwai daga cikinku waɗanda suka ga kan maganar wannan lacca suka yi murmushi, suka ce a ransu, "Yau kuma jami'a ta rasa abin nazari sai wasan yara?" Tambayar tana kan hanya, kuma ita zan fara amsawa. Adabi ba ya zama inda masana suka ajiye shi, jama'a yake bi duk inda suka koma. Da yana dandali da zauren tsofaffi, ya koma littafi, ya shiga rediyo da talbijin, ya bi kaset da faifai, yau kuwa ga shi a cikin wayar hannu. Saurayin da ke Sundimina ko Birnin Kudu ko Gwaram, wanda kakansa ya ji tatsuniya daga bakin tsohuwa, mahaifinsa kuma ya saurari Samanja a rediyo, shi a yau gajeren bidiyo yake kallo. A nan yake jin Hausa, a nan yake koyon abin da ake yi wa dariya da abin da ake jin kunyarsa. Manazarcin da ya ɗauke kai daga wannan fage ya bar gonarsa ga tsuntsaye.

A cikin wannan lacca zan ɗauki reshe ɗaya na wannan sabon adabi, watau gajerun wasannin ban dariya da ake sakawa a intanet waɗanda suka shafi wasan kwamfuta, wanda matasa ke kira gem. Zan duba tushen raha a ƙasar Hausa, da dalilin da ya sa wasan kwamfuta yake ba da dariya, da yadda ake gina rubutun irin wannan wasa, sa'an nan haɗurran da ke jiran marubucinsa.

TUSHEN RAHA A ƘASAR HAUSA

Bahaushe bai koyi ban dariya daga Bature ba. Tun kafin zuwan boko akwai 'yan kama, masu ɗaukar muryar malami ko ta shahararren mawaƙi su juya ta ta koma zancen tuwo da miya. Akwai 'yan gambara masu zambo da habaici a kasuwa, akwai wawan sarki wanda yake faɗa a fada abin da hakimi ba zai iya faɗa ba. Akwai tashe a watan azumi, inda yara da samari ke kwaikwayon tsoho da gwauro da sauran halayen mutane. Akwai kuma barkwanci, wanda aka gina bisa dangantaka sananniya: jika da kaka, taubashi da taubashi, Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi, Gobirawa da Yarabawa. Abin lura a nan shi ne, kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da ƙa'ida da iyaka. An san mai yin wasan, an san wanda ake yi wa, an kuma san inda ake tsayawa.

Da rubutun boko ya zo, sai wasan kwaikwayo ya shiga takarda. A cikin shekarun 1930 Dokta R. M. East ya fitar da Six Hausa Plays. Daga baya aka sami Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina. A rediyo da talbijin kuwa, Usman Baba Pategi ya fito da Samanja, sojan da ke gwama Hausar bariki da Turanci, Ƙasimu Yero ya yi Karambana, a Jos kuma aka yi Karkuzu. Fim ɗin Turmin Danya na shekarar 1990 ya buɗe ƙofar finafinan bidiyo a Kano, inda Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, ya zama sarkin finafinan da ake kira camama.

Darasi biyu za mu ɗauka daga wannan tarihi. Na farko, fitattun masu ban dariyarmu hali guda suke kamawa su riƙe shi gam. Da zarar Samanja ya buɗe baki an san shi ne. Na biyu, akasarin wannan raha a baki take zaune. Akan ba ɗan wasa ƙashin labari, shi kuma ya sa masa nama da hikimarsa a gaban na'ura. Wannan hanya ta yi amfani a lokacin da fim ke ɗaukar sa'a guda ko biyu, mai kallo kuma ya riga ya biya kuɗin kaset ya zauna. Amma bidiyon minti ɗaya ba shi da wurin kame-kame. Mai kallo da kuɗin datarsa yake kallo, kuma ɗan yatsansa na kan gilashi, yana jiran dalilin wucewa. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Shi ya sa rubutu ya zama tilas.

WASAN KWAMFUTA DA YADDA YA ISO MANA

Domin amfanin dattawan da ke cikinmu, bari in yi ɗan bayani. Wasan kwamfuta wasa ne da ake yi a kan gilashin talbijin ko kwamfuta ko waya, inda mutum ke sarrafa abin da yake gani ta hanyar danna maɓallai. Kamfanin Atari na Amurka ya fitar da Pong a 1972. Kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da Super Mario Bros. a 1985, Sony kuma ya fitar da na'urar PlayStation a 1994. Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, mutane da yawa sun fara sanin irin wannan wasa ta hanyar macijin nan na wayar Nokia, mai cin ƙwaya yana ƙara tsawo har ya ciji kansa. Daga nan shagunan gem suka bazu a unguwanni, inda samari ke biyan kuɗi su buga ƙwallon ƙafa na FIFA ko PES, waɗanda yanzu aka sauya wa suna zuwa EA Sports FC da eFootball. Da wayoyi masu manyan gilasai suka yi araha, sai ga wasannin harbe-harbe irin su Free Fire na 2017 da PUBG Mobile na 2018, inda ake jefa 'yan wasa da yawa a tsibiri guda, wanda ya rage da rai a ƙarshe shi ya ci.

Kada mu ɗauka wannan baƙon abu ne ɗungurungum. Wanda ya taɓa tsayawa a gindin bishiya ya kalli dattawa suna dara ya san cewa wasa mai ƙa'ida yana da jama'arsa da kalmominsa da gorinsa. Akwai mai ci, akwai wanda aka ci, akwai ɗan kallo da ya fi mai wasa iyawa da baki. Masanin tarihin nan na ƙasar Holan, Johan Huizinga, ya nuna a littafinsa Homo Ludens na 1938 cewa wasa yana keɓe wa kansa wuri da lokaci da dokoki dabam da na rayuwar yau da kullum. Gurbin dara da gilashin waya duka a ƙarƙashin wannan bayani suke.

ME YA SA WASAN KWAMFUTA YAKE BA DA DARIYA?

Masanin falsafar nan na Faransa, Henri Bergson, ya wallafa nazarinsa a kan dariya a 1900. Taƙaitaccen ra'ayinsa shi ne, muna dariya a duk lokacin da muka ga mai rai yana aiki kamar inji, watau ya sandare a kan hali ɗaya alhali yanayi na bukatar ya sauya. Idan muka karɓi wannan, to wasan kwamfuta rumbu ne na raha, domin duniya ce da ta yi kama da tamu amma inji ke tafiyar da ita. Daga nan maɓuɓɓuga uku suke fitowa.

Ta farko ita ce ɗauko dokar wasa a saka ta cikin rayuwa. A cikin wasa mutum yana da rai uku, yana mutuwa ya tashi, yana ɗauke da bindiga biyar a aljihu guda, yana shiga gidan mutane ba sallama ya kwashe kaya mai gida na kallo. Akwai kuma waɗansu mutane na cikin wasa da ba wanda ke sarrafa su, waɗanda zan kira 'yan cika-fage, masu tsayawa wuri ɗaya suna maimaita magana ɗaya komai aka ce musu. Ku ƙaddara mai tireda a tasha wanda ya zama ɗan cika-fage: an yi masa sallama, ya ce, "Ba bashi yau, sai gobe." An ce gobara ta kama rumfarsa, ya ce, "Ba bashi yau, sai gobe." Wata ƙungiyar matasa ta ƙasar Niyu Zilan mai suna Viva La Dirt League ta yi suna a duniya da irin wannan dabara a jerin wasanninta na Epic NPC Man.

Ta biyu ita ce ɗan wasan kansa: mai cika baki kafin a fara, mai ɗora laifi a kan maɓalli idan an ci shi, mai alkawarin "wannan ne na ƙarshe" har asuba ta yi. Wani Ba'amurke, James Rolfe, ya fara a 2004 da halin mutum mai fusata da tsofaffin wasanni marasa kyau, kuma ya shahara bayan ya koma YouTube a 2006. Dabararsa abar nazari ce, ko da yake ashar ɗin da ke cikin aikinsa ba abin da kunnen Bahaushe zai ɗauka ba ne.

Ta uku, wadda ta fi kowace muhimmanci gare mu, ita ce yanayin da muke wasan a cikinsa. Wanda ya ƙera wasan a Japan ko Amurka bai san da ɗauke wuta ana tsakiyar bugun fanareti ba. Bai san da layin mai caji ba, ko man janareta, ko sabis da ke gudu idan hadari ya haɗu, ko uwar da ke kiran ɗanta ya kai niƙa daidai lokacin da abokan gaba suka kewaye shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan raha ba mai iya rubuta ta sai ɗan gida, kuma ita ce jarin marubucin Sundimina wanda na Landan ba shi da shi.

Yana da kyau in ƙara da cewa akwai hanya biyu ta ɗaukar irin wannan wasa. Ko dai mutane su fito su yi kwaikwayo a gaban kyamara, ko kuwa a ɗauki hoton cikin wasan kwamfutar a ɗora masa murya. Hanya ta biyu ana kiranta mashinima, kuma sanannen misalinta shi ne Red vs. Blue, wanda aka fara a 2003 da hotunan wasan Halo. Kowace aka zaɓa, rubutu ne gaba.

YADDA AKE GINA RUBUTUN

Ba a fafe gora ranar tafiya. Rubutun wasa, wanda 'yan fim ke kira sikirif, yana da matakai, kuma zan jera su bi da bi.

Na farko, ƙwayar magana. Marubuci ya iya faɗin dukan wasan a jimla ɗaya, alal misali, "Manomi ya ji ɗan ƙanensa yana cewa saura masa rai biyu." Idan jimla ɗaya ta kasa ɗauke shi, to wasa biyu ne aka gwama, sai a raba su.

Na biyu, sanin wasan. Masu buga gem suna gane wanda bai taɓa riƙe abin bugawa ba tun daga kalmar farko, kamar yadda maharbi ke gane wanda bai taɓa shiga daji ba. Amma kuma kada a rufe ƙofa ga wanda bai san wasan ba. Hanyar haɗa biyun ita ce a sa wa wasan mutum guda wanda bai sani ba, yana tambaya a madadin mai kallo.

Na uku, 'yan wasa. Biyu ko uku sun isa, kuma su saɓa wa juna: mai sani da marar sani, mai zafi da mai sanyi, yaro da dattijo. Kowannensu ya kasance yana son wani abu a cikin wannan minti. Mutumin da ba ya son komai ba ya ba da dariya. Kuma kada ɗan wasa ya san cewa abin dariya yake yi. Shi da gaske yake, mu ne muke dariya.

Na huɗu, tsarin hawa uku. A kafa abu, a maimaita shi ya ƙaru, a karo na uku a karya shi ta inda ba a zata ba. Wannan ba sabon abu ba ne ga wanda ya tashi da tatsuniya, inda sau da yawa akan gwada abu sau biyu kafin na uku ya zo da sakamako dabam.

Na biyar, farko da ƙarshe. A shiga magana kai tsaye. Doguwar gaisuwa ado ce a zaure, amma a gajeren bidiyo asara ce, sai fa in ita gaisuwar ce abin dariyar. A ƙarshe kuma, kalmar da ke ɗauke da dariya ita ce za ta zo a ƙarshen jimla, jimlar kuma a ƙarshen wasa. Da ta faɗi a yanke. Kada a tsaya yin wa'azi bayan an gama dariya.

Na shida, shimfiɗar takarda. A rubuta wuri da lokaci a sama, abin da ido zai gani a layi dabam, sunan mai magana a gefe, maganarsa a gaba. Masu shirya fim sukan ƙiyasta shafi ɗaya a matsayin minti ɗaya. Duk abin da ido zai iya gani kada a sa baki ya faɗe shi, domin gani ya kori ji.

Na bakwai, gwaji. A karanta da ƙarfi ana duban agogo, a gaban mutum biyu ko uku da ba sa jin nauyin marubuci. Inda ba su yi dariya ba a soke, ko da marubucin yana ƙaunar wurin.

MISALI

Ga ɗan misali da na tsara domin wannan lacca, mai suna Rai Uku.

Wuri: shagon gem a bakin hanya a Sundimina. Lokaci: hantsi, da damina. Ƙarar janareta. Yaro ya ƙura wa gilashi ido. Kawunsa ya shigo da fartanya biyu a kafaɗa.

KAWU: Kai, tashi mu tafi, ciyawa ta cinye gyaɗa.

YARO: Kawu, don Allah ka dakata, yanzu aka kashe ni.

KAWU: Subhanallahi! Wa ya kashe ka?

YARO: Ba komai, Kawu, saura mini rai biyu.

KAWU: Da farko nawa aka ba ka?

YARO: Uku.

Kawu ya ajiye fartanya, ya zauna a benci a hankali.

KAWU: Ikon Allah. Mu da aka ba ɗaya muna gona tun asuba.

An ji ƙarar harbi. Yaro ya dafe kai.

YARO: Kash! Saura ɗaya.

KAWU: To, barka da zuwa cikinmu.

Yaro ya duƙufa. Janareta ya yi tari sau biyu ya mutu. Gilashi ya yi baƙi. Shiru.

MAI SHAGO: Mai ya ƙare, Baba.

KAWU: Shi injin rai nawa gare shi?

MAI SHAGO: Ɗaya ne, Baba.

Kawu ya miƙa wa Yaro fartanya.

KAWU: Wannan ba ta shan mai.

Ku dubi yadda matakan suka fito. Ƙwayar magana ɗaya ce, watau kalmar rai mai ma'ana biyu. Yaro yana son ci gaba da wasa, Kawu yana son a tafi gona. Mutuwa ta zo sau uku, amma ta ukun ba yaron ta ɗauka ba, injin ta ɗauka. Kawu bai san gem ba, duk da haka ba a mai da shi wawa ba, hasali ma shi ne mai kaifin baki. Akwai nasiha a ciki, amma ba wanda ya tsaya ya karanta ta. Da wasa ake gaya wa wawa gaskiya.

MATSALAR HARSHE

A nan ne aikinmu na malaman Hausa ya shigo. Wasannin nan da Turanci suke zuwa, saboda haka bakin masu buga su cike yake da kalmomin aro. Ba na cikin masu cewa a kori kowace baƙuwar kalma. Hausa ta ari littafi da alƙalami daga Larabci, ta ari mota da tebur daga Turanci, ba ta kuwa mutu ba. Samanja ma da gwamin harshe ya yi suna. Amma akwai bambanci tsakanin marubucin da ya sa Ingausa a bakin ɗan wasa da gangan domin ya nuna halinsa, da wanda Ingausar ta fi ƙarfinsa domin bai san kalmar Hausa ba. Na farko gwani ne, na biyu kuwa abin tausayi ne.

Hausa tana da arzikin wasa da kalma wanda bai kamata a bari ya kwanta ba. Ku ɗauki kalmar ci kaɗai: ana cin tuwo, ana cin wasa, ana cin kasuwa, ana cin bashi, ana cin amana, ana cin mutunci. Yaro ya shigo gida ya ce ya ci, uwa ta ce to ai sai a ba ƙanensa tuwonsa. Ga wasa ya samu daga kalma guda. Haka kuma karin harshe: a bar mutumin Gwaram ya yi magana kamar mutumin Gwaram, kada kowa ya koma Bakanon cikin fim.

Har wa yau, a kula da ƙa'idojin rubutu. Wanda ya rubuta kafa yana nufin ƙafa, ko baki yana nufin baƙi, ya ɓatar da ɗan wasan da zai karanta, ya kuma ɓatar da mai kallon da ke bin rubutun da ke ƙasan hoto. Wayoyin yau suna da haruffa masu lanƙwasa, uzuri ya ƙare.

HAƊURRAN DA KE KAN HANYA

Magana zarar bunu ce, ta intanet kuwa ta fi, domin ba ta goguwa. Haɗari na farko shi ne na doka. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, kuma a 2008 kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure Ibro kansa wata biyu a kan wani fim nasa. A watan Nuwamba na 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa waɗansu samari biyu hukuncin bulala ashirin-ashirin da tara saboda wani bidiyon barkwanci da suka saka a TikTok a kan gwamnan jihar na lokacin. Mutane sun saɓa a kan dacewar waɗannan hukunce-hukunce, kuma muhawarar 'yancin mai raha muhawara ce da ta cancanci lacca tata. Abin da nake so marubuci ya gane shi ne, wawan sarki yana da rigar kariya ta al'ada, mai waya kuwa ba shi da ita. A rubuce ne ake ganin kalmar da za ta jawo ƙara tun kafin ta fita, wannan ma wani amfanin rubutu ne.

Na biyu shi ne na mutunci. Barkwanci na gargajiya tsakanin tsara ne da suka yarda da juna. Bidiyo kuwa yana isa ga wanda bai san wannan yarjejeniya ba. Yi wa gurgu ko mai in'ina ko wata ƙabila dariya raha ce mai araha, kuma alama ce ta marubucin da tunani ya ƙare masa. A yi wa hali dariya, a bar halitta.

Na uku shi ne haƙƙin mallaka. Hotuna da kiɗan da ke cikin wasan kwamfuta dukiyar kamfanin da ya ƙera shi ne, kuma kowane kamfani yana da sharuɗɗansa a kan yin amfani da su. Nijeriya ta sami sabuwar dokar haƙƙin mallaka wadda aka sa wa hannu a 2023. Dokar da ta hana ka ɗaukar na wani ita ce ta hana a ɗauki naka, saboda haka marubuci ya ajiye rubutunsa da kwanan wata, ya kuma nemi a sa sunansa a jikin aikin.

Na huɗu shi ne ruɗin kuɗi. Kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da mai tasha a kan dogayen bidiyoyi, sai ta tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 a cikin wata 12. Ɗalibin da zai bar aji domin wannan ya yi lissafi tukuna. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sanya kamuwa da jarabar wasan kwamfuta cikin jerin cututtuka. Mai rubuta raha a kan gem ya kamata ya zama mai kallon wasan daga sama, ba wanda wasan ya haɗiye ba.

KAMMALAWA

Jama'a, a duwatsun Birnin Kudu akwai zanen shanu da mutanen da suka gabace mu suka bari. Sun zana abin da suke rayuwa da shi, da kayan aikin da suke da su. Matasan wannan yanki na yau suna rayuwa da gona da kasuwa da makaranta, suna kuma rayuwa da waya. In ba su rubuta rahar wannan rayuwa da harshensu ba, za su ci gaba da dariya da abin da wasu suka rubuta domin wasu.

Saboda haka ina da roƙo uku. Ga sassan koyar da Hausa na jami'o'inmu da kwalejojinmu, ciki har da Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, a ba gajeren wasan bidiyo gurbi a darasin wasan kwaikwayo, a kuma fara tattara waɗannan ayyuka kafin su ɓace. Ga ma'aikatan yaɗa labarai da na ilmi da na lafiya, ku san cewa saƙon da aka naɗe cikin minti ɗaya na raha mai kyau yakan isa inda takardar sanarwa ba ta isa. Ga ɗalibai kuma, kafin ku ɗaga waya ku ɗauki hoto, ku ɗauki alƙalami. Ku saurari yadda kawunanku ke magana a gindin bishiya, ku rubuta, ku soke, ku sāke rubutawa.